Motar da Ke Warkewa a Bakin Gareji

Motar da ta mutu murus ta fi wadda zan yi magana a kanta sauƙin sha'ani. Ta mutu, ka san matsayinka, sai a nemo igiya a ja ta. Mai wahalarwa ita ce wadda za ka taso da ita daga Sanyinna da sanyin safiya tana tafiya sumul, ka hau titin Sakkwato zuwa Jega, ka fito za ka wuce tirela, ka taka totur, sai ta noƙe kamar an riƙo ta ta baya. Ta yi tari sau biyu, ta fizga, sannan ta saki ta ci gaba kamar ba ita ba. Gobe lafiya lau. Jibi ta sake. Ka kai ta gareji, bakanike ya tayar, ya ba ta wuta har maƙwabta su leƙo, ya zagaya da ita ya dawo ya miƙo maka makulli: "Alhaji, motag ga lahiyatta lau."

Bai yi ƙarya ba, domin a lokacin da take hannunsa ƙalau take. Daga nan ne ake shiga canke. A canza fulogi, in ba ta daina ba a canza famfon mai, a wanke nozul, a taɓa taimin, har a wayi gari an yi gyaran gangar Auzinawa: motar da ta zo da ciwo ɗaya ta koma gida da uku.

Ni na biya kuɗin wannan karatu da wata tsohuwar Golf 3. Famfo biyu na saya mata cikin wata ɗaya, da fulogi saiti biyu, duk a banza. Da na gaji sai aka haɗa ni da wani dattijon bakanike, wanda bai ko buɗe bonet ba. Tambaya ya fara yi mini: "Malam, yaushe taka yi? Da sahe ko in ta yi zahi?" Na yi shiru ina tunani, sai na ga ashe ba ta taɓa yi mini da safe ba, sai ta yi tafiyar kamar minti 40. Ya ce to mu je. Ya shiga gefena, muka kama hanya, idonsa a kan allurar da ke nuna juyin inji. Da ta yi abin nata, allurar ta faɗi ƙasa lokaci guda alhali motar tana cikin giya tana gangarawa. Muka tsaya, ya kashe makulli, ya jiƙa tsumma da ruwan leda ya lulluɓe koyil na ɗan lokaci, ya goge, ya ce in tayar. Bugu ɗaya ta tashi. Koyil ne yake yanke wuta in ya ɗau zafi. An bar jaki ana ta dukan taiki, kuma ni ne mai biyan kuɗin sanda.

Binciken farko naka ne

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ciwon da ke zuwa ya tafi, direba ne kaɗai yake wurin in ya zo, saboda haka rabin aikin yana hannunsa. Kafin ka je gareji, ka yi mako guda kana lura, in da hali ka riƙa rubutawa. Inji na da sanyi take yi ko sai ya yi zafi? Mai nawa ne a tanki? A kwalta ne ko a gargadar ƙauyukan Kebbe? Da lodi ko wayam? An yi ruwa daren jiya, ko an wanke inji? A ina ka sha mai na ƙarshe? In ka tsaya ta huta tana dawowa daidai, kuma hutun minti nawa take buƙata?

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne yadda take yin abin. Ƙarancin mai a hankali yake cin mota: ƙarfi ya riƙa zarewa, ka taka ta ƙi amsawa, in ka ɗaga ƙafa kaɗan ta ɗan farfaɗo. Yankewar wuta kuwa kamar an kashe makulli ne aka sake kunnawa, fizga ɗaya mai kaifi, wani lokaci har da harbi a salansa. In silinda ɗaya ce take misin, motar ba za ta yanke ba, sai dai ta riƙa karkarwa kamar mai masassara, musamman in kana babban giya da ƙaramin gudu.

Akwai abubuwa biyu da ake ɗora wa inji laifinsu alhali ba ruwansa. In ka taka totur inji ya yi kuka sama amma gudu bai ƙaru ba, kuloc ne yake zamewa. In kuma motar ta yi nauyi bayan ka ɗan yi tafiya, tsaya ka kai hannu kusa da kowane wili, kada ka taɓa. Wanda ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba, birkinsa ne yake kamawa. Ka kawar da waɗannan tukuna, ba su cin ko kwabo.

Mai

A ƙasarmu daga nan ya kamata a fara, domin man da muke sha ba kullum yake da tsabta ba. Kowa ya tuna Fabrairun 2022, lokacin da kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai gauraye da sinadarin metanol, motoci suka yi ta lalacewa. Wannan babba ne da ya shiga labarai. Na yau da kullum shi ne jarkar ɗan bumburutu da ta kwana a ƙura, da mazurarin da ba shi da rariya, da tankin gidan mai da ruwan damina ya samu hanyar shiga.

Gwajin ba wuya. A zuƙo mai kaɗan daga bututun da ke fitowa daga tanki a zuba a farar kwalba, a ajiye minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka ga layinsa ƙarara, tsatsa da yashi ma haka. Wannan ne ya sa motar da ke da ruwa a tanki take lafiya a kwalta amma ta fara tari da zarar an shiga gargada ko an sha kwana: abin da ya kwanta ne ya motsa, famfo ya zuƙe shi. Maganinsa a sauke tanki a wanke. Duk wannan aiki a fili ake yinsa, nesa da mai sigari da mai walda.

Sai filtar mai, abu mafi araha kuma wanda aka fi mantawa da shi. Filtar da ta fara toshewa tana barin man da zai ishi inji a silo da yawon cikin gari, shi ya sa motar take warkewa a gareji. Sai an nemi mai da yawa, a tudu ko da buhunan albasa a but, sannan ta gaza. Ka kashe ta huta, dattin ya ɗan saki, ta sake tafiya. In ba ka tuna ranar da aka canza ta ba, canza ta. A zazzage tsohuwar ta ɓangaren da mai ke shiga a kan farar takarda, abin da ya fito zai gaya maka halin da tankinka yake ciki.

Famfon mai yana da nasa labarin, kuma tsadar mai ta shiga ciki. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Mutane suka koma shan lita uku, lita biyar, jar fitila a kunne dare da rana. To famfon yawancin motocin injekta a cikin tanki yake zaune, kuma man da ke kewaye da shi da wanda ke ratsa shi ne yake sanyaya shi. Tankin da kullum yake ƙasa yana gasa famfo, ga shi kuma dattin ƙasan tanki yana toshe 'yar rariyar da ke bakinsa. Ban ce kowa ya cika tanki ba, na san halin da ake ciki, amma wanda zai iya riƙe kwata ya riƙe. In motarka tana noƙewa a ƙaramin mai ta daina in ka ƙara, ka kusa kama ɓarawon.

Ranar da ta mutu maka a hanya, kada ka ɓata damar da zagi. Kashe rediyo, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka yi kik ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Famfo mai rai zai yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ya yi shiru. In ba ka ji komai ba, har yanzu ba a tabbatar famfon ne ba: a duba fis, a duba rile, a duba soket ɗin da ke saman tanki ko ya ƙone. Masu tsofaffin Honda Accord da Civic na shekarun 1990 su riƙe wannan: babban rilen motar yana da dalma a ciki da ke tsagewa, sai rana ta gasa cikin mota ya yanke, da yamma ya dawo. An zubar da famfuna masu lafiya da yawa saboda shi. Hukuncin ƙarshe a kan famfo na geji ne. Yawancin motocin injekta masu nozul a kowace silinda suna aiki da matsin da ya kai kamar ba 3, kuma abin dubawa shi ne ko matsin yana faɗuwa in an taka totur. Bakaniken da ya zare bututu ya ga mai na tsartuwa ya ce famfo lafiya, bai auna komai ba.

Wani abu da ba a cika tunawa da shi ba: tanki ma yana numfashi. In hanyar iskarsa ta toshe, famfo zai yi ta zuƙa har tankin ya riƙe man. Da zarar ta shaƙe, sauka ka buɗe murfin tanki. In ka ji doguwar zuƙar iska, kuma motar ta dawo daidai nan take, ka samu bakin zaren.

Masu kafireta, irin Peugeot 504 da aka yi ta harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, da Golf 2 da tsofaffin Corolla, nasu ya fi sauƙin gani da ido. Inji a kashe, cire murfin iyakilina, leƙa maƙogwaron kafireta, wani ya taka totur da sauri. Ya kamata ka ga siririn mai ya tsarto da ƙarfi. In ɗigowa yake yi ko babu sam, ɗan famfon da ke jikin kafiretar ya gaji, kuma shi ne yake sa mota ta yi jim kafin ta amsa. Ƙwayar yashi guda a kwanon kafireta takan toshe jet ta sake, ta toshe ta sake, ka ga ciwo mai zuwa da tafiya. A bazara kuma, watan Afrilu da Mayu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, fetur kan tafasa a bututun da ya bi kusa da salansa, famfo ya riƙa zuƙar tururi. Irin wannan takan yi bayan ka tsaya sallah ko sayen wani abu ka dawo. A janye bututun daga zafi ko a naɗe shi.

Wuta

Kwance fulogi duka ka jera su yadda suka fito, kada ka cakuɗa. Mai launin toka zuwa ruwan ƙasa yana cin abincinsa daidai. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko iska tana satar shiga. Wanda ya jiƙe da baƙin mai kuwa yana ba ka labarin cikin inji ne, ringi ko robar bawul. In uku sun yi kama ɗaya ya bambanta, silindarsa ce mai ƙorafi, sai a bi wayarta da nozul ɗinta.

Wayoyin fulogi da dare ake kama su. Tayar da mota a wuri mai duhu, buɗe bonet, ka tsaya ka kalla ba tare da ka sa hannu ba. Wayar da ta tsufa za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikinta zuwa ƙarfe, har da ƙarar tas-tas. Motar da ke misin da safiyar damina ta warke in rana ta fito, kusan kullum waya ce ko murfin dilko. Cire murfin ka duba cikinsa da tocila: tsagar da ba ta fi gashi ba, ko baƙin layi kamar na fensir, ya isa. In dilkon mai kwantak ne, a duba tazararsa, wajen milimita 0.4 ne a yawancinsu, a kuma sa kwandansa cikin waɗanda ake zargi.

Abin da zafi ke kashewa sanyi ya tayar, kamar koyil ɗina, nan ne aka fi asara. Koyil, da na'urar da ke ba shi umarni, da sansar da ke karanta juyin karanshaf, dukansu suna iya aiki sarai da safe su yanke bayan tafiya. Ba a kama su sai a lokacin da suke cikin laifin. Saboda haka ka riƙa yawo da fulogi ɗaya spaya. In ta mutu, a zare waya ɗaya a sa shi, a kwantar da shi a jikin ƙarfen inji inda babu ɗigon fetur, a yi kik. In babu tartsatsi, a ƙyale tanki ya huta.

Kada a raina kan batir da wayar at, kaurin wayar nan da ta haɗa batir da jikin mota da inji. Kan batir da aka cusa wa ƙusa don ya kama, ko wayar at da ta yi tsatsa, suna iya sa ƙwaƙwalwar mota ta ɗauke na ƙiftawar ido a duk ramin da aka faɗa. Mai wayarin ya sa mita: batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 in inji na aiki. Yana kuma da kyau, mota na silo, ya riƙa girgiza wayoyi da soket ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka taɓa inji ya canza murya, shi ne.

Iska da mafitarta

Wanda ya ga ƙurar hunturu a hanyoyinmu ba sai an ce masa ya duba filtar iska ba. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, in haske ba ya ratsawa ta gama aiki. Hura ta da iskar mai faci dabara ce ta kwana biyu, kuma iska mai ƙarfi tana yaga takardar. Cire ta gaba ɗaya kuwa, kamar yadda wasu direbobin haya suke yi wai mota ta sha iska, ciyar da inji yashi ne.

Wanda ya fi wayo shi ne babban tiyon roba da ke tsakanin akwatin filta da bakin totur. Yakan tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya kai wa. Mota na tsaye tsagar a rufe take. Da ka sa giya ka taka, inji ya ɗan karkata, tsagar ta buɗe, iskar da ba a auna ba ta shiga, mota ta noƙe, inji ya koma mazauninsa, tsagar ta rufe, ta fizga. A cire tiyon a lanƙwasa shi a hannu a duba. Sansar da ke auna iska, in motar na da ita, da maganin feshinta ake wanke ta, ba a sa mata tsinke ko tsumma. Sansar totur kuma takan cinye a daidai wurin da ƙafarka ta saba zama, shi ya sa wata motar take fizga a gudu ɗaya tak, in ka haura ko ka sauko ta daina.

Abin da ya shiga dole ya fita. Akwai wata matatar hayaƙi a salansa da bakanikai suke kira indomi saboda kamar cikinta. In ta farfashe, gutsuren yakan juya ya toshe hanya, mota ta kasa wuce wani gudu, wani ramin ya sake juya shi ta buɗe. Bubbuga salansa da hannu in ya huce, za ka ji kacau-kacau.

Zan ɗan ratse a kan wata al'ada da ta zama kamar farilla: mota na isowa daga Kwatano a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. A motar injekta wannan cuta ce. Inji ba zai kai zafin da aka gina shi a kai ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba mai, fulogi ya yi baƙi, a zo ana neman dalilin misin. In mota na zafi, sau da yawa lagireto ko famfon ruwa ko fanka ne ke da magana.

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake sa kwamfuta. In fitilar inji ta taɓa kamawa, ko da ta mutu, akwai yiwuwar ƙwaƙwalwar ta ajiye ƙorafin, don haka kada a cire kan batir kafin a karanta, domin a tsofaffin motoci da yawa hakan yana gogewa. Lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya na misin, P0171 mai ya yi kaɗan a kan iska, P0335 kuma layin sansar karanshaf. Karatun kwamfutar ya cancanci tafiya Sakkwato ko Birnin Kebbi. Sai dai kwamfuta wurin ciwo take nunawa. P0171 tana iya zama famfo, tana iya zama filta, tana iya zama tsagaggen tiyon nan, kuma mai hannu ne zai bambance.

In an zo canji, abu ɗaya a lokaci ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada, a yi tafiyar da ta saba tayar da ciwon kafin a taɓa na gaba. Ka karɓi tsohon kayanka ka ajiye a but. Sau da yawa na asalin da aka cire ya fi sabon kwali da aka sa, domin jabun fulogi da koyil da sansa sun cika kasuwa, kuma mai kyau ɗan Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ta Kano yakan fi su daɗewa. In an sa sabo ciwon bai tafi ba, a mayar da naka. Ka kuma yarda ka biya bakanike kuɗin lokacinsa da man da za ku ƙona ya bi ka hanya. Abin da na ba dattijon nan bai kai rabin kuɗin famfo ɗaya ba.

Kafin a kama ciwon, ɗan'uwa, ka haƙura da bin bayan tirela a hanyar Jega. Kada ka fito wucewa da motar da ba ka da tabbacin za ta amsa.